Gwajin ƙari da siririyar allura: yadda muka ga aikin wani ɗakin gwaji a Kano

Wata takwas 'yata mai shekara 9 ta yi da wani ƙullutu a gaban kunnenta na hagu, wanda girmansa bai wuce ƙwayar gurjiya ba, amma idan aka taɓa shi sai a ji kamar tsakuwa ce a ƙarƙashin fata. Kakarta ta so a kira wanzami, likita kuwa ya tura mu wani ɗakin gwaji mai zaman kansa a nan cikin Kano, domin a zuƙo ɗan abin da ke ciki a duba.

Aikin bai kai minti biyar ba. Likitar da za ta duba samfurin ita ce ta ɗauke shi da hannunta, kuma wannan ne ya fi burge ni. Ta lalubi ƙullutun, ta danne shi tsakanin yatsu biyu, sannan ta soka allura mai lamba 23, wadda ta fi ta ɗiban jini siranta. Abin da ya fito fari-fari ne kamar garin alli. Ta shafa shi a kan gilasai huɗu, ta bar biyu su sha iska saboda Giemsa, wani rini da ke fito da ƙwayoyin halitta a gan su, biyu kuma ta tsoma su nan take cikin alkohol. Babu ɗinki, sai auduga da filasta.

Bayan kwana uku sakamako ya nuna filomatirikoma, wato wani tsiro da ke tasowa daga tushen gashi, wanda likitocin Faransa suka fara bayyanawa a 1880, kuma ya fi fitowa a kai da wuyan yara. Likitar ta ce mini, "Malam, wannan ba daji ba ne, amma yakan yaudari mai dubawa." Dalili shi ne ƙananan ƙwayoyinsa sukan cunkushe su yi duhu kamar na ciwon daji a na'urar hangen ƙananan abubuwa, sai an ga waɗansu ƙwayoyin da cibiyarsu ta ɓace, saura inuwarsu, tare da ɓurɓushin kalsiyam, kafin a rarrabe. Ba ta kuma ɓoye mini cewa tabbaci sai an cire shi an duba naman ba.

Inda suka gaza shi ne karɓar mutane. Awa biyu muka yi a kan benci duk da an ba mu lokaci, kuma takardar sakamakon Turancin likitoci ce zalla, wadda mai miƙa ta bai iya fassara ko layi ɗaya ba. Da ban nace sai na ga likitar ba, da da fargaba za mu kwana.