acpitz ko ma'aunin madabod: wanne ke faɗin gaskiyar zafi a Linux?

Ɗan'uwa, ka ce ka ɗora Ubuntu a kwamfutarka ta tebur, Psensor, manhajar da ke nuna zafin kwamfuta, na nuna maka digiri 27.8 dare da rana, wani layi kuma 127, shi ne kake tambaya ko ka watsar da shi ka koma umarnin sensors. Komawar ba za ta sauya komai ba. Su biyun rijiya ɗaya suke ɗiba, wato manhajar lm-sensors, mai karanta abin da Linux ke ajiyewa a /sys/class/hwmon. Psensor zane kawai ya ƙara a kai. Abin kwatantawa shi ne wuraren da lambobin ke fitowa.

Na farko acpitz, lambar da BIOS, manhajar da ke cikin madabod (babban allon kwamfuta), ke miƙa wa Linux ta hanyar ACPI, tsarin da su biyun ke amfani da shi wajen kula da wuta da zafi. Daɗinsa ba ya neman saiti, da kansa yake bayyana, kuma a kwamfutocin cinya da dama yana bin zafin gaske. A na tebur kuwa sau da yawa lamba ce a daskare da maƙera suka rubuta, 27.8 ɗin nan ma an san ta sosai. Ka duba da hankali: a watan Afrilu a Kano ko Sakkwato, ɗaki kansa kan haura digiri 35, kuma na'urar da fanka ke fifitawa ba ta yin ƙasa da iskar da take shaƙa. To daga ina 27.8 ta fito?

Na biyu wata 'yar ƙwayar lantarki ce (chip) a jikin madabod, ana ce mata Super I/O. Ita ke riƙe da wayoyin ma'aunan zafi, da gudun fankoki, da ƙarfin wuta. ASUS da ASRock sun fi sa ta kamfanin Nuvoton, direbanta, wato manhajar da Linux ke magana da ita ta cikinta, nct6775. Gigabyte ta ITE, direbanta it87. Wannan sai ka ɗan yi gumi. Ka buga sudo sensors-detect, ka riƙa karɓar amsar da ya zaɓa da kansa, a ƙarshe ka yarda ya rubuta sunan direban a /etc/modules. In Nuvoton ce za ka ga SYSTIN, zafin allon ke nan, da CPUTIN na kusa da furosesa, da jerin AUXTIN na ƙarin ma'aunai.

Ita ma tana da nata aibin. Ƙafar da ba a jona mata ma'auni ba takan nuna 127 ko -128, kuma ina kyautata zaton ita ce ta tayar maka da hankali. Ba wuta ce ta kama ba; ana ɓoye irin wannan layin da kalmar ignore a wani fayil cikin /etc/sensors.d. Wani lokaci kuma direban ya ƙi hawa saboda ACPI ta riga ta kama ƙwayar. Za a ba ka shawarar acpi_enforce_resources=lax, saitin da ke sa Linux ya bar direban ya hau duk da haka. Ni dai ban cika so ba, domin ka sa hannu biyu cikin ƙwarya ɗaya ke nan, BIOS na taɓawa, direba na taɓawa, alhali wannan ƙwayar ce ke juya fankokinka.

Duk da haka na biyun nake zaɓa a kwamfutar tebur, nesa ba kusa ba. Zafin furosesa kuma kada ka neme shi wajen ko ɗaya a cikinsu: direbobin coretemp na Intel da k10temp na AMD daga cikin furosesar suke karantowa. Sai dai a Ryzen 7 1800X na 2017, layin Tctl da k10temp ke nunawa na ɗauke da ƙarin digiri 20 da AMD ta ɗora da gangan, don haka layin Tdie, wanda aka cire wa wannan ƙarin, ake dubawa.

Gwajin mai sauƙi ne. Ka buɗe watch -n 2 sensors, ka ɗora wa na'urar aiki mai nauyi na minti goma. Layin da ya hau sannan ya sauko, ma'auni ne mai rai. Wanda bai motsa ba ka cire shi daga Psensor. Daga nan ka sake kunna kwamfutar, ka shiga BIOS, ka gwama zafin madabod da yake nunawa da SYSTIN ɗinka.