Sharhi kan akwatin gilasan tsutsotsi na wani shagon kayan kimiyya a Katsina

A cikin birnin Katsina akwai wani shagon kayan ɗakin gwaje-gwaje da malaman sakandare da ɗaliban jami'a suke yawan zuwa, kuma a can na sayi akwatin gilasai 25 waɗanda aka manna samfurin halittu marasa ƙashin baya a kansu domin dubawa da madubin likita. Mafi yawansu tsutsotsi ne masu faffaɗan jiki, wato dangin tsila da tsutsar hanta da tsutsar tsargiya, sai 'yan kaɗan na tana da ƙudan 'ya'yan itace.

Ta fuskar ingancin aiki, akwatin ya cancanci yabo. Rinin da aka yi wa samfuran ya kama sosai, kuma mai shagon ya bar ni na ɗora kowane gilashi a kan madubinsa kafin na biya, abin da ba kowane ɗan kasuwa yake yarda da shi ba. Gilashin planariya, wata 'yar tsutsa mai faffaɗan jiki da ke rayuwa a ruwa, ya fi kowanne kyau, domin ana ganin ɗigon idanunta biyu da hanjinta mai rassa uku da kuma maƙogwaronta da ke tsakiyar jiki, inda abinci yake shiga kuma ragowarsa take fita, tun da ba ta da dubura. Sai dai abin da ya sa masana suka damu da wannan halitta ba ya fitowa a busasshen gilashi. Tun a 1898 Thomas Hunt Morgan na Amurka ya nuna cewa idan aka yayyanka ta, ƙaramin yanki yana sake tsiro kai da wutsiya ya zama cikakkiyar tsutsa, kuma yau an san cewa wasu ƙwayoyin halitta da ake kira niyobilas ne suke yin wannan aiki. Shagon ba ya sayar da mai rai, don haka ɗalibi zai ji labarin ne kawai.

Babban aibin akwatin shi ne an haɗa shi ne domin ɗaliban wata ƙasa. Tsutsar hantar da ke ciki Fasciola hepatica ce, wadda ta fi yawa a Turai, mai kafaɗu da tsawon kimanin santimita 3, alhali wadda mahautanmu suke cirewa daga hantar shanu a kwata Fasciola gigantica ce, siririya, wadda takan kai santimita 7. Haka kuma kan tsilar da aka saka na Taenia solium ne, ta naman alade, mai ƙugiyoyi, ba Taenia saginata ta naman shanu ba, wadda ba ta da ƙugiya ko ɗaya sai abin tsotso huɗu. Malamin da bai lura ba zai koyar da siffar da zai yi wuya ɗalibinsa ya ci karo da ita a Katsina.

Gilasai biyu ne suka mayar mini da kuɗina, dukansu na Schistosoma haematobium, wato tsutsar tsargiya da likita Theodor Bilharz ya gano a Alƙahira a 1851, wadda take haddasa fitsarin jini. Na farko yana nuna namiji riƙe da macen a cikin wani kwari da ke jikinsa, abin lura ƙwarai domin a yawancin sauran tsutsotsi masu faffaɗan jiki, jiki ɗaya ne yake ɗauke da jinsi biyu. Na biyu yana nuna ƙwai mai tsini a ƙarshensa, alamar da ke bambanta shi da na 'yar uwarta Schistosoma mansoni mai tsini a gefe. Ga yaran da suke wanka a bakin madatsun ruwa irin na Jibiya da Ajiwa da Zobe, wannan darasi ya shafi jikinsu kai tsaye, saboda ƙaramar katantanwar Bulinus ce take rainon tsutsar kafin ta fito ta huda fatar mai wanka.

Rubutun da ke jikin gilasan ƙanana ne ƙwarai, kuma babu takardar bayani a cikin akwatin. Na ba makarantu shawarar su saya, amma su haɗa da kwalbar fomalin daga shagon, wato ruwan sinadarin da ake adana samfuri a ciki don kada ya ruɓe, su je kwata da sassafe su roƙi mahauta tsutsar hanta ta gida.