Sharhi kan NPS: sabar da take amsa maka da lambobi

A da, kalmar sirri ɗaya ce ta Wi-Fi a ofishinmu, kowa ya haddace ta, har mai shayin bakin ƙofa yana da ita a wayarsa. Ma'aikaci ya ajiye aiki, da ita zai tafi. Shi ya sa na dame oga sai mun koma tsarin da kowa zai shiga da sunansa da kalmar sirrinsa ta domen, wadda yake buɗe kwamfutar aiki da ita. Da yake muna da Active Directory, tsarin da ke riƙe da asusun ma'aikata na domen, sai na ɗora NPS (Network Policy Server) na Microsoft, sabar da ke tantance masu neman shiga. Yana cikin Windows Server tun daga ta 2008, inda ya gaji tsohuwar manhajar IAS, don haka ba sai an sayi wata manhaja daban ba. Yau kusan shekara biyu ke nan muna tare.

Aikin ba shi da wuyar fahimta. Waya ko laftof ta nemi shiga, na'urar da ke watsa Wi-Fi ba ta yanke hukunci, sai ta miƙa buƙatar ga NPS ta hanyar RADIUS, yaren da na'urori ke neman izinin shiga da shi, a ƙofar UDP mai lamba 1812. NPS ya tambayi domen: wannan mutum naku ne? Yana cikin rukunin da aka yarje wa? Amsar ta dawo ta hanyar da ta bi. Hannu huɗu ke nan, kuma ko wanne ya saki, abu guda mai waya zai gani: an kasa haɗawa. Shi ke nan, babu ƙarin bayani.

A nan ne na ga amfanin NPS. Ba ya ɓoye dalili, sai dai da lambobi yake magana, kuma sai ka je inda yake ajiye su a Event Viewer, wurin duba rajistar Windows. Lamba 6272 tana nufin an bar mutum ya shiga, 6273 an hana shi, kuma a ƙasan kowace 6273 akwai lambar dalili. Wanda bai koyi karanta waɗannan ba zai ƙare da kashe na'urori yana kunnawa har la'asar.

Ranar da muka canza na'urorin Wi-Fi na benen sama, ni na fara jefa kaina a rami. Na duba ko'ina, babu 6272, babu 6273, shiru kamar an ɗauke ruwa. Sai daga baya na leƙa rajistar System, na tarar da lamba 13 jere reras: saƙo ya zo daga adireshin da NPS bai sani ba. Sabbin na'urorin sun karɓi sabon adireshin IP, ni kuwa ban shigar da su cikin jerin waɗanda sabar za ta saurara ba. Na gyara, sai lamba 18 ta fito, wato kalmar sirrin da ke tsakanin na'urar da sabar ba ta zo ɗaya ba. Wajen kwafa na haɗo da tazara guda a ƙarshe. Tazara guda ta ci min rabin yini.

A cikin lambobin dalili, wadda na fi gani ita ce 16, suna ko kalmar sirri ba daidai ba. Wata safiya Hajiyar da ke kula da albashi ta same ni da laftof a hannu, ranta a ɓace.

"Malam, na rantse maka daidai nake sawa. Jiya-jiya na canza ta."

"Hajiya, wayarki fa? Kin canza a cikinta?"

Ta zaro wayar daga jaka tana kallona. Wayar ce take ta ƙwanƙwasa ƙofa da tsohuwar kalmar, ba dare ba rana, har domen ya kulle asusun, 16 ta koma 36. Na buɗe asusun, muka goge Wi-Fi ɗin a wayar muka sake sawa. Tun daga ranar, duk wanda ya ce min an kulle shi, wayarsa nake fara tambaya.

Akwai 48, wato buƙatar ba ta dace da ko ɗaya daga ƙa'idojin da ka tsara ba, galibi don an manta sa sabon ma'aikaci a rukuni. Akwai 65, idan an hana asusun shiga a shafinsa na Dial-in a Active Directory. Gyaran waɗannan minti biyu ne.

Mai tayar da hankali ita ce 265. Muna amfani da PEAP tare da MSCHAPv2, wato shiga da suna da kalmar sirri, kuma a wannan tsari sabar ce take fara nuna satifiket ɗinta, wato shaidar cewa ita ce ta gaskiya, kafin waya ta yarda ta miƙa kalmar sirri. Da na sabunta satifiket daga wata sabuwar tushiya ta cikin gida, wato sabar da ke bayar da satifiket, kwamfutocin domen ba su ce uffan ba, domin Group Policy, mai raba wa kwamfutocin domen saituna, ya riga ya raba musu satifiket ɗin tushiyar. Wayoyi da laftof ɗin da ba sa cikin domen kuwa suka juya baya gaba ɗaya. Da can mutane kan zaɓi a tsallake tantance satifiket a Android, amma tun daga zamanin Android 11 wayoyi da yawa sun cire wannan zaɓi. Na yi gunaguni a lokacin, alhali gaskiyarsu ce: wayar da ba ta tantance sabar, duk wanda ya kafa Wi-Fi na bogi da sunan naku zai iya karɓe bayanan shigarta.

Inda NPS ya gaza a ganina shi ne wajen bincike. Ba shi da allon da za ka rubuta sunan mutum ka ga tarihin shigarsa a tsare, sai dai ka yi ta tace rajista. Wanda ya taɓa kunna FreeRADIUS, wata sabar RADIUS ta daban, da umarnin radiusd -X, yana kallon kowane mataki na wucewa a gabansa, zai ji kamar an ɗaure masa ido ɗaya. Wani lokaci ma rajistar ba ta rubuta komai sai ka kunna ta da umarnin auditpol. Sannan sabar rabin labarin kawai take gani. Ɗaya rabin yana kan laftof, kuma umarnin netsh wlan show wlanreport yana fitar da rahoton kwana uku na duk haɗuwa da yankewa. Ina haɗa su biyun ne, ina daidaita lokaci da lokaci.

Ga ofishin da ya riga ya zauna a kan Active Directory, ina ba da shawarar NPS ba tare da ɗar-ɗar ba. Bai taɓa faɗuwa da kansa a hannuna ba. Amma mai farawa yau kada ya gina a kan MSCHAPv2. Daga Windows 11 sigar 22H2, Credential Guard, mai tsare bayanan shiga, yana zuwa a kunne a kwamfutocin Enterprise da suka cika sharuɗɗa, kuma yana hana su shiga kai tsaye da bayanan domen ta wannan hanya, sai mutum ya riƙa rubutawa da hannu. Microsoft da kanta EAP-TLS take nuna wa mutane, inda kowace kwamfuta ke riƙe da satifiket nata. Mun fara ƙaura, laftof ɗin domen duk sun koma. Saura wayoyi, kuma Hajiya ta riga ta gaya min kada in taɓa tata sai an gama biyan albashin wannan wata.