Likitan dabbobin da ya zo har gida ya yi wa karenmu allura a Garwa

Mu dai ba masu son kare bane, tun tasowarmu kare baya shiga ɗaki baya kusantar tabarmar sallah, amma tunda ɓarayi suka haura mana katanga sau biyu suka kwashe tumaki maigida yace dole a ajiye. Shekara biyu kenan karen yana ɗaure a bayan gidanmu ko sau ɗaya ba a taɓa masa allurar rigakafin haukan kare ba, wlh ni ban ma ɗauka da muhimmanci ba. Abinda ya farkar da mu yaron maƙociyata ne ɗan shekara 6, kare ya cafke shi a ƙafa yana dawowa daga makarantar allo, tsofaffi nata cewa a ƙona gashin karen a tura a ciwon, Allah ya taimaka kawunsa bai saurare su ba ya ɗora shi a moto sai Centre Pasteur na nan Garwa, inda ake allurar cizon kare, aka fara masa allura a ranar.

To shine na nemi wani ɗan shagon maganin dabbobi ta wajen Yelwa, mai shagon likitan dabbobi ne kuma yana zuwa gida in an biya kuɗin moto. Bari in fara da abinda ya ɓata min rai: yace ƙarfe 9 na safe, bai iso ba sai bayan azahar, na kira har sau uku yana cewa gani nan Hajiya gani nan. Shagon ma da na je ɗan tsukuku ne, warin magani kamar ya kashe ka, kuma takunkumin baki na kare da nake so in saya guda ɗaya ya rage shima ya yi wa namu kaɗan.

Amma aikinsa kam ba laifi. Allurar a cikin kula mai ƙanƙara ya kawo ta, ya nuna min kwalbar da ranar lalacewarta kafin ya zuƙa, yace maganin nan tsakanin digiri 2 zuwa 8 ake ajiye shi, kuma duk wanda ya san zafin Garwa a watan Afrilu da yadda wuta ke ɗaukewa ya san wannan ba ƙaramin abu bane. Ya manna takardar kwalbar a karne, wato ɗan littafin allurar karen, ya buga hatimi, yace duk shekara a sake, ɗan kwikwiyo kuma daga wata 3 ake fara masa. Jaka biyar na bashi harda kuɗin moto.

Abinda yasa nake wannan rubutu ma ba allurar bace. Da ya gama sai ya ga autana yana jan jelar karen, ya ajiye jakarsa yace Hajiya tara min yaran gidan nan duka, harda na maƙota suka zo sun kai goma. Ya tsuguna yace musu in kare ya biyo ku kar wanda ya gudu kar wanda ya yi ihu, ku tsaya cik kamar itace hannu a jikinku, kar ku zuba masa ido, zai shinshina ya wuce. In ya kada ku ƙasa ku dunƙule ku rufe wuya da fuska. Ya sa suka gwada ɗaya bayan ɗaya shi yana yin karen yana haushi, dariya kamar cikina zai yi ciwo, amma fa sun riƙe. Ya hana su taɓa kare yana cin abinci ko yana barci, da karya mai shayarwa, da jifan karnukan bola da dutse wanda shine sana'ar yaran unguwarmu. Ni kuma ya juyo kaina yace ɗaurin da muke masa dare da rana a cikin rana shi ke ƙara masa faɗa, a samar masa inuwa da ruwa, kuma kar a bar ƙaramin yaro shi kaɗai da kare ko da na gida ne. Naji kunya gaskiya.

Maganar cizo kuwa yace ko yaƙushi ne a wanke da sabulu da ruwa mai gudu minti 15 cur, a sa betadin, maganin nan na wanke ciwo, sai asibiti a ranar, ba barkono ba toka ba ɗaurewa. Kar a kashe karen, a tsare shi likita ya duba shi kwana 15. Ciwon haukan kare in alamunsa suka fito babu magani, kuma yara sun fi shiga haɗari saboda gajeru ne a fuska da wuya ake cizonsu, ga ɓoye ciwo don tsoron duka. Nan take na ce wa nawa duk wanda kare ya taɓa ya faɗa min ba zan dake shi ba.

Zan sake kiransa baɗi, sai dai baya tuna wa mutum ranar, ni na rubuta da gawayi a bangon kicin. In zaku kira shi ku ce masa ƙarfe 7, ƙila ya iso 11.