Horon koyar da Arduino daga nesa: abin da na gani a mako takwas

Shekara tara ke nan ina koyar da lantarki a wata kwalejin fasaha, kuma ban taɓa yarda ɗalibi zai iya koyon haɗa waya ba tare da malami na tsaye a kansa ba. Da wannan zuciyar na shiga horon da wata cibiya ta shirya wa malamai ta intanet, kan yadda ake koyar da ƙananan ƙwaƙwalen na'ura daga nesa.

An aiko wa kowa ƙunshin kaya: Arduino Uno (ƙaramin allo mai ƙwaƙwalwa da ake rubuta wa umarni), allon gwaji, rezistoci, ƙwayayen fitilar LED, da ESP32 (wani allon mai ƙwaƙwalwa) guda ɗaya. Makon farko bai ƙare ni da komai ba. Na san Uno na ɗauke da ƙwaƙwalwar ATmega328P, ƙafafun dijital 14, na analog 6, na kuma san an faro Arduino a garin Ivrea na Italiya a 2005 domin ɗalibai.

A mako na uku ne kuɗina suka fito. Malamar horon ta turo mana hoton allon wani ɗalibi da fitilarsa ta ƙi kamawa, ta ce mu gano matsalar, amma da tambaya kawai. Ni da na saba fizge allo in gyara cikin daƙiƙa goma, sai ga ni ina tunanin me zan fara tambaya. Doguwar ƙafar LED tana wane ɓangare? Rezistar 220 ce? Me mitar awon wuta ta nuna tsakanin 5V da GND, wato layin negatif? Ashe layin wutar allon ne a rabe a tsakiya, kamar yadda wasu dogayen alluna suke zuwa, rabi da wuta rabi babu. Daga nan ta kafa mana doka: jar waya ta wuta, baƙa ta GND, a ɗauki hoto daga sama cikin haske. Ɗalibin da ya karya dokar, a mayar masa da hotonsa. Na ga hikimar, domin idan wayoyi goma duk launinsu ɗaya, ko malamin malamai ba zai karanta su ta WhatsApp ba.

Masu horon sun yi gaskiya kan amfanin shafukan Tinkercad da Wokwi, inda ake gwada haɗi a kwamfuta kafin a taɓa kaya. Suna da amfani ƙwarai ga wanda kayansa ba su iso ba. Sai dai a can waya ba ta kwancewa, ba ka cin karo da igiyar USB mai caji kawai, kuma ba ruwanka da direban CH340, wato manhajar da yawancin allunan kwaikwayo na kasuwa ke buƙata kafin kwamfuta ta gan su. Wannan direban kaɗai yakan cinye wa sabon ɗalibi yini guda.

Inda raina ya sosu shi ne zaman kai-tsaye. Awa biyu a Zoom, kamara a kunne, kamar kowa na da wuta da data a wadace. Sau biyu aka ɗauke mana wuta ana tsakiyar darasi, kuma bidiyon da ake ajiyewa ya yi nauyin da ɗalibina na ƙauye ba zai sauke ba. Darasin ESP32 ma an yi shi a gurguje. Gargaɗin cewa ƙafafunsa na aiki da 3.3V ne, 5V na iya lalata su, ya zo bayan wani abokin horonmu ya riga ya ƙona nasa.

Malamin da ya riga ya san lantarki zai amfana sosai. Wanda bai taɓa riƙe mita ba, ya fara neman mai nuna masa ido da ido. Ni dai na yanka darussana zuwa bidiyo na minti biyar-biyar, kuma zangon nan ɗalibaina za su fara turo hoton allo kafin su shigo ɗakin gwaji.