Ɗan keken ɗinki mai batir da abin da ya yi min a bikin ƙanwata

Ku da kuke ganin tallan ɗan keken ɗinkin nan fari a waya, wanda ake ɗagawa da hannu ɗaya ana cewa ko a mota za ki iya ɗinki da shi, to ni na saya. Wata huɗu ke nan, kuma sai yanzu zuciyata ta yi sanyin da zan iya ba da labarinsa ba tare da na zagi kowa ba. Kun san kuɗinsa, kun san masu sayar da shi, ba sai na ambaci suna ba.

Ina da keke na gaske, baƙin Butterfly na takawa da aka sa min cikin kayan ɗaki. Amma tun da muka koma ciki da falo a saman bene, keken yake zaune a gidan Innarmu a Fagge, saboda babu inda zan ajiye shi, ga goyo, ga maƙwabciyar ƙasa da take jin ko cokali ne ya faɗi. Sana'ata kuwa jakunkunan atamfa ce. Turmi yadi shida ne, in aka fitar da riga da zani da ɗankwali abin da yake saura da ƙyar ya kai rabin yadi, kuma wannan ragowar da wasu suke zubarwa ita nake mayarwa jaka. Soso da gam da zif da maɓallin maganaɗisu a Ƙofar Wambai nake sayo su. Kullum sai na yanka a gida, na ɗaure a leda, na hau adaidaita zuwa Fagge na ɗinka, na dawo da magariba yaro yana kuka. Da na ga tallan sai na ce ai ga mafita ta zo.

Ban saya kai tsaye ba, sai da na tambayi mai sayarwa. Na ce, "Anti, jaka nake ɗinkawa, mai soso da gam. Zai iya?" Ta ce, "Hajiya, har fata yake ci," ta turo min bidiyo ana ɗinka wandon jins da shi yana tafiya sumul. Na kalla ya fi sau biyar. Ashe kallon kitse nake yi wa rogo.

Ranar da ya iso na buɗe kwali, abin da ya fara ba ni tsoro rashin nauyinsa ne. Flas ɗin shayinmu in an cika shi ya fi shi nauyi. Yana cin batir 4, ko a sa masa adafta, yana da ɗan abin takawa da 'yar fitila da gudu iri biyu. Na juya shi gaba da baya ina neman inda ake danna ribas, babu. Duk mai ɗinki ta san da ribas ake ƙulle bakin ɗinki don kada ya warware. Na ce ba komai, zan riƙa jawo zaren ƙasa ina ɗaurewa da hannu kamar yadda muka yi a makarantar koyon sana'a. Na kalmashe bakin ɗankwali biyu da shi, na kama wuyan rigar yaro, ya yi. Yana ɗan yawo a kan tebur in yana aiki, sai na riƙe shi da gwiwar hannu, amma ya yi.

Sai bikin autarmu ya taso. Saura kwana biyar kamu ta zo da ledar ragowar atamfarta, ta zube a gabana.

"Yaya, jaka nake so irin wadda kika yi wa Goggo, amma mai hannu biyu. Ranar kamu babbar ƙawata za ta riƙe min."

Na ce ta bar min, an gama. Har da cika baki wai yanzu ba sai na je Fagge ba. Hidimar biki kuwa kun san ta. Yau cincin, gobe dubulan, jibi rakiya kasuwa, ban zauna kan jakar ba sai daren Laraba, kamu kuma Alhamis da la'asar.

Na yanka jiki inci 12 a faɗi, inci 10 a tsayi, na manna gam da dutsen guga tun da sauran wuta, na fitar da soso da shafi. Wajen ƙarfe goma aka ɗauke wuta. A nan kam sai na yi masa adalci. Na zura batir, na kunna 'yar fitilarsa, na zauna a ƙasa na ɗora shi kan kujerar tsuguno, na ɗinke shafin gaba ɗaya har da aljihun ciki, yaro yana barci a gefena bai ko motsa ba. Na haɗa gefunan jikin jakar, ya ɗan yi nishi a kan soson amma ya wuce. Wallahi a wannan lokacin ji na yi kamar na kira matar na yi mata godiya. Har na fara lissafin wa da wa zan ce su saya.

Sai na zo hannu.

Wadda ba ta ɗinka jaka ba za ta gane ba, amma rayuwar jaka duk a inda hannu ya haɗu da jiki take. Hannun kansa ninki huɗu ne, don ana naɗe gefe biyu zuwa tsakiya ne a sake ninkewa. In kika lanƙwasa bakinsa don ɓoye yanka ya zama takwas. Ki ɗora a kan jiki mai atamfa da gam da soso da shafi, kin tashi da ninki 12 a wuri ɗaya da bai fi akwatin ashana ba. Kuma a wannan wurin ake ɗinka murabba'i a gitta shi da layi biyu, don shi ne zai ɗauki duk nauyin da za a zuba.

Tun daga shigarwa rigima ta fara. Ƙafar da take danne yadi ba ta ɗagawa sosai, sai da na matse ninkin da yatsu na cusa shi da ƙarfi. Na taka, ya yi wani gurnani, allura ta tsaya cak a tsakiya. Na ce ƙila batir ne ya yi sanyi, na ciro na rimot da na agogon bango na haɗa. Haka dai. Allurar da ya zo da ita lamba 14 ce, na cire na sa 16 daga cikin na Butterfly, don gindinsu ɗaya ne, mai gefe guda a shafe. Na riƙa juya ɗan kambun gefe da hannu, ɗinki ɗaya, ɗinki biyu, na uku ya tsallake, na huɗu ya tsallake. Na ɗaga na leƙa ƙasa, zare ya cure kamar taliyar da ta kwana a tukunya. Na sa reza na tsinke, na ciro kwarkwaro na sake zura zare, na kwance abin matse zaren sama, na sake ɗaurewa. Sau uku ina wannan. Atamfar amarya ta fara yin huji-huji a wurin, kuma ba ni da ko ɗan ƙyallen da zan sake yankawa.

Wajen sha biyu da rabi aka kawo wuta. Na yi hamdala, na sa adafta, na ce yanzu zai samu ƙarfi. Na sa shi a gudu na biyu na taka.

Ƙas! Abin da na ji ke nan, sai wani zafi a kumatuna, ƙasan ido kaɗan. Allura ta karye gida uku, tsinin ya yi tsalle ya same ni. Na shafa na ga ɗan jini a yatsa. Da ya ƙara sama da faɗin yatsa ɗaya, da yanzu wani labarin ake ba wannan ba. Na zauna jikina yana rawa, ƙafata kuma ashe tana kan abin takawa, sai ji nake keken yana ƙarrr, injin yana juyawa amma sandar allura ko motsi. Ga warin roba.

Abbansu ya farka ya same ni ina hawaye a kan kujerar tsuguno. Bai ce komai ba, ya ɗauko sukudireba ya kwance bayan keken ya haska da waya. Ya ce, "Zo ki gani." Ƙafafun da suke juya juna a ciki duk na roba ne, farare, ɗaya haƙoransa sun gutsire sun zube kamar garin kwaki. Ya ce, "Wannan ai na wasan yara kika sayo." Na san gaskiya ya faɗa, amma ƙarfe ɗayan dare ba lokacin faɗar gaskiya ba ne, ban kula shi ba har gari ya waye.

Da hannu na ɗinka hannayen nan, wuri huɗu. Na ninka zare huɗu na goga masa kyandir, na riƙa tura allura da bayan cokali ina jawo ta da filaya. Kiran sallar farko na ƙulle na ƙarshe. Babban yatsana kwana uku ba ya riƙe ludayi.

Da safe da na goge jakar na rataye ta a ƙofa, ta yi kyau ƙwarai, har na fara sassauta wa keken a raina. Na ce to, laifina ne, na ɗora wa ɗan akuya kayan jaki. Ai shi ya ɗinka shafin, shi ya haɗa gefuna, cikin duhu, ba hayaniya. Da na tsaya a nan da ban kashe shi ba. Da a ranar na rubuta wannan sharhin, da cewa zan yi ku saya amma ku kiyaye shi da kauri.

Allah Ya sa ban rubuta ba.

A wurin kamu babbar ƙawa ta rataya jakar. Kun san abin da 'yan mata suke zubawa: wayarta, wayar amarya, abin cajin waya mai nauyin dutse, turare, hoda, sannan aka fara liƙi tana kwashewa tana cusawa. Ina daga gefe cikin dangin uwa, idona a kan hannayen da na ɗinka, gabana yana faɗuwa. Hannaye ko gezau. Gefen jakar ne ya buɗe, daga sama ya tafi zuuu har kusan gindi, wurin da keken ya ɗinka yana nishi na ce ya wuce. Shafin ma ya bi shi. Kwalbar turare ta faɗo ta fashe a tsakar fili, kuɗi suka watse, yara suka yi caa a kai. Wata daga dangin ango ta ce da ƙarfi, "Wai ba yayar amarya ce mai ɗinkin jakar ba?" Goggo ta juyo ta kalle ni. Kallon kawai ta yi.

Daga baya na zauna na duba ɗinkin da kyau. Zaren sama bai shige cikin soso ya kama na ƙasa yadda ya kamata ba, kwance kawai yake a kai, duk bayan 'yan ɗinki akwai tsallake, a hasken 'yar fitilar nan ban gani ba. Ga shi babu ribas, ƙullin da na yi da hannu a baki ya zame da nauyi ya ja shi. Da zare ɗaya ya samu hanya, sauran bin sa suka yi. Wato aikin da na yaba masa ma bai yi ba, rufa ido ya yi min.

Na tura wa mai sayarwa hoton kumatuna da na jakar da na haƙoran robar. Sai washegari ta amsa: "Ayya Hajiya, sannu. Ai ba a ɗinka jaka da shi, na ƙananan gyare-gyare ne." Na nemo maganarta ta farko, ta har fata yake ci, na mayar mata. Ta ce yaron shagonta ne ya rubuta, kuma kaya in an buɗe ba a mayarwa. Na koma na sake kallon bidiyon wandon. A tsakiyar ƙafar wandon ake ɗinkin, inda yake falle biyu, ana zuwa kusa da haɗin gefe mai kauri sai bidiyon ya ƙare. Wannan yankewar ta fi karyewar allurar ci min rai, don wanda ya ɗauki bidiyon ya san abin da yake ɓoyewa.

Bayan an kai amarya na ɗauki jakar na tafi Fagge. Inna ta yaye zanin da ta rufe keken da shi, ta ce, "Ga mijinki na fari nan yana jiran ki." Na ɗiga masa mai, na sa allura lamba 18, na farke gefunan na sake bi, na bi ta kan hannayen ma don ƙarin ƙarfi. Ninki 12 ɗin nan ya haye su ko sautinsa bai canza ba. Minti ashirin ban kai ba. Autar tana amfani da jakar har yau, ta ce wai ƙamshin turaren bai fita ba.

In bakin ɗankwali ne ko kama rigar yaro, ƙila ɗan keken ya yi muku, ban hana ba. Ni dai ko wannan ɗin yanzu ba na yarda da shi, don na koma na ja bakin ɗankwalayen nan biyu na farko, ɗaya ya biyo hannuna.

Na kai shi wurin mai gyaran keke a unguwarmu. Ya juya shi, ya yi dariya, ya ce shi bai taɓa ganin kayan gyaran irin wannan ba, sai dai in na samo wani da ya mutu ta wani wurin a haɗa biyu a tashi ɗaya. Don haka wadda nata ya ƙone ta inji amma haƙoransa suna nan, ta yi min magana. Ko ta karɓi nawa, ni duk ɗaya ne, har da adafta da kwali zan ba ta.