Playwright wajen farautar matsalar burauza: inda ya yi ƙarfi da inda bai kai ba

Masu kula da laburaren gwaji na JavaScript sun saba da wannan ƙorafi: komai ya wuce lafiya a Node, wato manhajar da ke gudanar da JavaScript a wajen burauza, amma a Safari, burauzar Apple, ya watse. Playwright, wanda Microsoft ta fitar a 2020 ƙarƙashin lasisin Apache 2.0, kayan aiki ne na gwada kod a cikin burauza kai tsaye, kuma an gina shi ne don irin wannan aiki. Kyauta ne, kod ɗinsa a buɗe yake, kuma yana tuƙa injunan burauza uku: Chromium (tushen Chrome), Firefox da WebKit (injin Safari).

Kafa shi ba wuya. `npm init playwright@latest` zai samar da fayil ɗin `playwright.config.ts`, a cikinsa akwai sashen `projects` mai ɗauke da injunan uku. In matsalar ta WebKit ce kaɗai, `npx playwright test --project=webkit` ya wadatar. A Linux sai a haɗa da `npx playwright install --with-deps`, in ba haka ba WebKit zai iya ƙin tashi saboda rashin wasu laburaren tsarin.

Ƙarfinsa yana bayyana ne a ƙananan bambance-bambancen da ke cin laburaren gwaji. Ɗauki saƙon kuskure. Idan aka nemi `a.b.c` alhali `b` babu shi, Chrome zai ce `Cannot read properties of undefined`, Safari kuma `undefined is not an object`, Firefox ma da nasa lafazin. Gwajin da ya jingina da waɗannan kalmomi zai faɗi a injuna biyu cikin uku. Maganin shi ne a duba nau'in kuskuren da `instanceof TypeError`, kuma a yi dubawar a cikin shafin, wato cikin `page.evaluate`, domin kuskuren da ya fito waje zuwa Node ba ainihin wancan ba ne, kwafinsa ne.

Haka `error.stack`. A injin V8, wanda Chrome da Node ke amfani da shi, layin farko yana ɗauke da saƙon, sauran layukan suna farawa da `at`. Firefox da WebKit ba sa sa saƙon, kuma suna rubuta sunan aiki, alamar `@`, sannan fayil da lambar layi. Laburaren da ke yanke layin farko don ya tsabtace rahoto, a Firefox layin da ya fi amfani zai yanke. Playwright yana fito da wannan nan take, kuma da `trace: 'on-first-retry'` za a samu fayil da `npx playwright show-trace` ke buɗewa, a ga kowane mataki da abin da shafin ya nuna a lokacin. Wannan ɓangaren ya cancanci yabo sosai. Ga abin da ba a gyara ba tukuna, `test.fixme` tare da sharaɗin `browserName` da rubutaccen dalili ya fi goge gwajin.

To, sai babban giɓin. WebKit ɗin Playwright ba Safari ba ne. Gini ne na musamman da aka yi wa faci daga sabon kod ɗin WebKit, sau da yawa ma yana gaba da Safarin da ke hannun mutane. Misali: Safari bai karɓi `(?<=...)` a cikin regex (tsarin neman rubutu) ba sai a sigar 16.4, a watan Maris na 2023. A tsohon Safari wannan kuskuren nahawu ne, yana kashe fayil ɗin gaba ɗaya tun kafin layi ɗaya ya gudana. Playwright zai nuna kore, wato gwajin ya wuce, alhali a iPhone 6s da iPhone 7, waɗanda suka tsaya a iOS 15, fayil ɗin ya mutu. Kuma kada `devices['iPhone 13']` ya ruɗi kowa: girman allo, taɓawa da sunan burauza yake canzawa, injin yana nan yadda yake. Dole a haɗa da `eslint-plugin-es-x` don kama sabon nahawu, sannan a gwada a waya ta gaske. BrowserStack da Sauce Labs suna da tsarin kyauta ga ayyukan da kod ɗinsu ke buɗe.

Daidaiton injunan ma bai cika ba. `page.pdf()` da `page.coverage` a Chromium kaɗai suke aiki, `isMobile` kuma ba ya aiki a Firefox. Hotunan `toHaveScreenshot` suna bambanta tsakanin Windows, Mac da Linux saboda yadda ake zana haruffa, don haka a ɗauke su cikin kwantenar Docker ta Playwright, wato shiryayyen muhalli iri ɗaya a kowace kwamfuta, wadda na'urar gwaji ta atomatik ke amfani da ita.

Ga mai sayen data, akwai tsada. Burauzoji ukun suna cin ɗaruruwan megabait, kuma kowace sigar Playwright tana neman nata ginin. A sabunta ba a sake `install` ba, sai `Executable doesn't exist` ya fito. A ɗaure siga ɗaya a `package.json`, a sauke injin da ake buƙata kawai da `npx playwright install webkit`, sannan a saita `PLAYWRIGHT_BROWSERS_PATH` zuwa wuri guda idan mutane da yawa ke aiki a kwamfuta ɗaya.